Wane ne “abokin gaba” a idon doka? Abin da ya kamata mazauna arewacin Kamaru su sani

Wata rana ina tsakiyar darasi a kan haƙƙoƙi da wajibcin ɗan ƙasa, wani ɗalibina da iyayensa suka yi hijira zuwa Maruwa daga wani ƙauye na kan iyaka ya ɗaga hannu. Ya ce: “Malam, idan yayan mutum ya bi ’yan daji, shi ma ya zama abokin gaban ƙasa ke nan?” Aji ya yi tsit, domin kowa ya san ba don jarrabawa yake tambaya ba.

Tun daga 2014 kalmar “abokin gaba” ta zama ruwan dare a jihar Arewa Mai Nisa. Ana jin ta a rediyo, a jawabin hukuma, a majalisar masu shayi. Sai dai ma’anarta a bakin jama’a daban, ma’anarta a littafin doka daban. A hira, duk wanda kake ganin yana nufinka da sharri maƙiyi ne. A doka kuwa matsayi ne mai iyaka, wanda yake fayyace abu uku: wa soja zai iya harbi, wa za a tsare ba tare da an zarge shi da laifi ba, wa kuma dole sai an kai shi gaban alƙali. Rashin sanin wannan bambanci ya jawo wa mutane da dama a yankinmu asarar ’yanci, wasu ma asarar rai.

Ma’anar asali: darasi daga Garwa da Mora

Don a gane ma’anar ta farko ba sai an je nesa ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Kamaru tana hannun Jamus, Najeriya tana hannun Ingila, Cadi kuma tana hannun Faransa. A ƙarshen watan Agustan 1914 sojojin Ingila suka taso daga Yola suka far wa Garwa, Jamusawa suka fatattake su. Suka sake dawowa tare da Faransawa, garin ya miƙa wuya ranar 10 ga Yunin 1915. A kan dutsen Mora kuwa, Kyaftin Ernst von Raben da dakarunsa suka daure wa ƙawanya ta kusan shekara ɗaya da rabi, ba su ajiye makami ba sai ranar 18 ga Fabrairun 1916. Su ne sansanin Jamus na ƙarshe da ya sallama a Kamaru.

Abin lura shi ne yadda aka yi da su. Ba a kai von Raben kotu a kan sojojin da ya kashe a fagen daga ba. An ɗauke shi fursunan yaƙi, wato mutumin da ake tsarewa don kada ya koma fagen fama, a sake shi idan yaƙi ya ƙare. Wannan ita ce ma’anar “abokin gaba” ta asali a dokar ƙasa da ƙasa: ƙasar da ake yaƙi da ita, da sojojinta. Sojan abokan gaba ana iya harbinsa muddin yana ɗauke da makami yana yaƙi, amma shiga yaƙin kawai ba laifi ba ne a kansa, sai fa idan ya taka ƙa’idojin yaƙin, kamar kashe farar hula ko wanda ya miƙa wuya.

A wancan zamani kalmar tana shafar har fararen hula na ƙasar da ake gaba da ita, da dukiyarsu. Ingila ta yi dokar hana ciniki da abokan gaba a 1914. Manyan gonakin Jamusawa da ke gindin dutsen Kamaru, wajen Buya da garin da ake kira Limbe a yau, an ƙwace su a matsayin dukiyar abokan gaba. An yi gwanjonsu a Landan a 1924, Jamusawan suka sake sayen mafi yawansu, aka sake ƙwacewa a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga waɗannan gonaki ne kamfanin CDC ya samo asali, ya fara aiki a 1947.

Ba sai an yi shelar yaƙi ba

A da, ƙasa kan aika wa ƙasa sanarwar yaƙi kafin a fara harbi. Yarjejeniyar Heg ta 1907 ma ta wajabta hakan. Bayan 1945 abubuwa sun sauya. Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta wa ƙasashe amfani da ƙarfi a kan juna, sai don kare kai, kamar yadda sashe na 51 ya tanada, ko da izinin Kwamitin Sulhu. Daga nan ƙasashe suka daina son furta kalmar “yaƙi” ko da kuwa ana ta musayar wuta.

Saboda haka yarjejeniyoyin Jeniba guda huɗu na 12 ga Agustan 1949 suka toshe wannan ƙofa. Sun ce da zarar sojojin ƙasashe biyu sun fara faɗa, dokokin yaƙi sun hau kansu, ko sun amince suna yaƙi ko ba su amince ba. Abin da ake dubawa shi ne abin da ke faruwa a ƙasa, ba abin da shugabanni suka furta ba. Kamaru tana cikin waɗannan yarjejeniyoyi, kuma ta shiga ƙarin yarjejeniyoyi biyu na 1977 da suka biyo baya.

Rikicin Bakasi misali ne na kusa. Sojojin Kamaru da na Najeriya sun yi ta arangama daga ƙarshen 1993, ba tare da ko ɗaya ta yi shelar yaƙi ba. Duk da haka sojojin da kowane ɓangare ya kama fursunonin yaƙi ne, kuma a ƙarshen 1998 aka yi musayarsu ta hannun ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge. Kotun Duniya ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoban 2002, aka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a watan Yunin 2006, Najeriya ta kammala miƙa yankin ranar 14 ga Agustan 2008. Sojojin da suka auna juna da bindiga jiya, yau suna aiki tare a rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Cadi, wadda hedkwatar shiyyarta ta ɗaya take Mora. A doka, gaba tsakanin ƙasashe tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Ba gado ba ce.

To, Boko Haram fa?

Ranar 17 ga Mayun 2014, a taron da aka yi a birnin Paris da shugabannin Najeriya, Nijar, Cadi, Benin da Faransa, Shugaba Paul Biya ya faɗa wa duniya cewa sun taru ne don shelanta yaƙi a kan Boko Haram. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: harin Kolofata na 27 ga Yulin 2014, faɗan Fotokol da Amcide, da hare-haren ƙunar baƙin wake a cikin Maruwa, a babbar kasuwa da unguwar Barmare ranar 22 ga Yulin 2015, da kuma Pont Vert bayan kwana uku.

Amma Boko Haram ba ƙasa ba ce. A dokar ƙasa da ƙasa ana kiran irin wannan faɗa rikicin makami da ba na tsakanin ƙasashe ba. Sharuɗɗansa biyu ne: ƙungiyar ta kasance tana da tsari da shugabanci irin na mayaƙa, faɗan kuma ya yi tsanani har ya wuce tarzoma ko fashi da makami. Idan sun cika, abubuwa uku ne ke biyo baya.

Na farko, soja yana da damar kai hari a kan mayaƙan ƙungiyar, ba sai ya jira sun fara harbi ba, saɓanin ɗan sanda da ke bin ɓarawo.

Na biyu, mayaƙin da aka kama ba shi da matsayin fursunan yaƙi. Ba kamar von Raben ba, shi ɗaukar makamin kansa laifi ne, kuma ƙasa tana da ikon hukunta shi da dokokinta.

Na uku, duk da haka ba a ɗauke masa rigar ɗan Adam ba. Sashe na 3, wanda yake cikin dukkan yarjejeniyoyin Jeniba huɗu, ya haramta kashe wanda ya ajiye makami, ko ya ji rauni, ko yake tsare. Ya haramta azabtarwa, da wulaƙanci, da garkuwa da mutane, da zartar da hukunci ba tare da shari’a a kotun da doka ta kafa ba. Wannan sashe ya hau kan gwamnati, ya kuma hau kan ’yan ƙungiyar. Saboda haka yankan manoma, da sace ’yan mata, da ɗaura wa yara bam, laifukan yaƙi ne ƙarara.

Kotun Kamaru da kanta ta nuna cewa zargi ba ya halatta jini. A watan Yulin 2018 wani bidiyo ya bazu a intanet yana nuna sojoji sun harbe mata biyu da ƙananan yara biyu, suna zarginsu da alaƙa da Boko Haram. Bincike ya nuna abin ya faru ne a 2015 kusa da Zelevet, a yankin Mayo-Tsanaga. Ranar 21 ga Satumban 2020 kotun soja ta Yawunde ta ɗaure huɗu daga cikin sojojin shekara 10 kowannensu, ɗaya kuma shekara 2, ta sallami biyu. Mutane da yawa sun ce hukuncin ya yi sauƙi. Amma ƙa’idar ta tabbata: ko da a ce zargin gaskiya ne, wanda yake hannunka ba shi da makami ba abin harbi ba ne.

Abin da dokar Kamaru ta ce

Dokar cikin gida ba ta cika kiran ɗan ƙasa “abokin gaba” ba. Tana kiransa da sunan laifin da ya aikata. Kundin hukunta laifuka, wanda aka sabunta da dokar 12 ga Yulin 2016, ya ware babi guda a kan tsaron ƙasa.

Sashe na 102 ya ce ɗan ƙasar da ya shiga yaƙar Jamhuriya, ko ya taimaka wa masu yaƙar ta, ya ci amanar ƙasa, hukuncinsa kisa ne. Sashe na 103 ya yi magana a kan wanda ya zuga wata ƙasa ta kawo hari, ko ya miƙa mata sirrin tsaro. Idan ɗan ƙasa ne, sunan laifin cin amana. Idan baƙo ne, sunansa leƙen asiri. Dalilin bambancin a fili yake: sai wanda aka ba amana ne zai iya cin ta. Sashe na 107 kuma ya ɗora wa ɗan ƙasa wajibcin sanar da hukuma idan ya san wani abu da zai cutar da tsaron ƙasa. Wato yin shiru ma yana iya zama laifi.

Akwai laifukan da hukuncinsu ke ƙaruwa idan ana cikin halin yaƙi ko dokar ta-ɓaci. Misali, yunƙurin raba ƙasa, a sashe na 111, ɗaurin rai da rai ne a lokacin zaman lafiya, amma yana komawa kisa a waɗancan lokuta. Sashe na 9 na kundin tsarin mulkin 1996 ne ya ba shugaban ƙasa ikon kafa dokar ta-ɓaci, kuma da takardar doka ake kafa ta, ba da jawabi ba.

Sai kuma dokar da ta fi shafar yankinmu: doka mai lamba 2014/028 ta 23 ga Disamban 2014 kan yaƙi da ta’addanci. Ta tanadi hukuncin kisa ga wanda ya aikata ta’addanci, da wanda ya ba da kuɗi dominsa, da wanda ya ɗauki mutane ko ya horar da su. Wanda ya yabi ta’addanci a bainar jama’a yana fuskantar ɗaurin shekara 15 zuwa 20, da tarar sefa miliyan 25 zuwa 50, ko ɗaya daga ciki. Dokar ta ba da damar tsare wanda ake zargi kwana 15, kuma ana iya sabuntawa. Ta kuma miƙa waɗannan shari’o’i ga kotunan soja, ko da wanda ake tuhuma farar hula ne. A rahotonta na Yulin 2016, ƙungiyar Amnesty International ta ce kotun soja ta Maruwa ta yanke wa sama da mutum 100 hukuncin kisa cikin kusan shekara guda. Rabon da a zartar da hukuncin kisa a Kamaru dai tun 1997.

Lauyoyi da masu kare haƙƙin ɗan Adam sun daɗe suna kuka cewa fassarar “ta’addanci” a dokar ta yi faɗi, domin ta haɗa har da aikin da aka yi da nufin dagula ayyukan hukuma. Masu sauraron Hausa ba za su manta da Ahmed Abba ba, wakilin sashen Hausa na RFI, wanda aka kama a Maruwa ranar 30 ga Yulin 2015. A watan Afrilun 2017 kotun soja ta Yawunde ta yanke masa shekara 10 a kan laifukan da suka haɗa da ƙin sanar da hukuma. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage hukuncin zuwa wata 24, ya fito a Disamban 2017, bayan ya shafe kusan wata 29 a tsare. Ba wanda ya ce ya ɗauki bindiga. Shari’arsa ta nuna yadda tazarar da ke tsakanin mai ɗauko labari da wanda ake zargi take ƙanƙancewa a lokacin rikici.

Waɗanda ba abokan gaba ba ne

Nan ne amsar tambayar ɗalibina take. Ƙa’idar dokar yaƙi ita ce farar hula yana da kariya, sai dai idan ya shiga faɗa kai-tsaye, kuma a tsawon lokacin da yake cikin faɗan kawai. Idan an yi shakka a kan mutum, farar hula ake ɗaukar sa. Haka kuma yarjejeniya ta biyu ta 1977 ta haramta yi wa jama’a hukuncin kuɗin goro.

Ɗan’uwa. Uwa, ko mata, ko ƙanen mayaƙi ba su zama mayaƙa ba saboda jini. Laifi na mai shi ne, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Abin da zai iya jefa ɗan’uwa cikin matsala shi ne aikinsa na kansa: ɓoye makami, kai saƙo, ko rufe bayanin harin da ya san ana shiryawa.

Ƙabila da ƙauye. Zama Babarbare, ko Bamandare, ko Balaraben Shuwa, ko almajiri, ba hujja ba ce a gaban kowace kotu. Ranar 27 ga Disamban 2014 jami’an tsaro sun kwashe maza sama da 200 daga ƙauyukan Magdeme da Duble. Daga baya gwamnati ta amince cewa 25 sun mutu a tsare a Maruwa, Amnesty kuma ta ce sama da 130 sun ɓace. Wannan shi ne ƙarshen kamen da ake yi a kan sunan ƙauye, ba a kan laifin mutum ba.

Ɗan gudun hijira. Boko Haram daga Najeriya ta taso, amma Kamaru ba ta yaƙi da Najeriya. Mazauna sansanin Minawao, wanda aka buɗe a 2013 kusa da Mokolo, da fataken Najeriya da ke kasuwanninmu, ba ’yan ƙasar abokan gaba ba ne. Yarjejeniyar da Kamaru da Najeriya da hukumar ’yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa wa hannu a Maris 2017 ta ce komawa gida sai da yardar mutum.

Ɗan kasuwa da mai babur. A dokar yaƙi, sayar da gero ko man fetur ba shiga faɗa kai-tsaye ba ne, saboda haka ba ya halatta a harbi mutum. Amma a dokar cikin gida, wanda ya san kayansa ga mayaƙa za su, ya kuma kai, ana iya gurfanar da shi a matsayin mai taimaka musu. Wanda aka ɗora wa bindiga a ka aka tilasta shi yana da damar kawo wannan hujja gaban alƙali. Shi kuwa wanda ya karya umarnin gwamna, kamar hana hawa babur a wasu wurare ko dokar hana fita da dare, ya saɓa wa umarnin hukuma ne, bai zama abokin gaba ba.

’Yan banga. Matasan kwamitocin sa-ido sun ceci rayuka da yawa, da dama kuma sun rasa nasu. Amma ya kamata su sani cewa a doka su ba sojoji ba ne. Idan sun kama wanda suke zargi, hannun jandarma ko soja za su miƙa shi. Duka, ko kisa, ko nuna yatsa ga wanda ake rikicin gona da shi, laifi ne da za a iya tambayarsu a kansa.

Abin da tarihi ya koya mana

Hatsarin wannan kalma shi ne tana miƙewa kamar roba a hannun mai mulki. A zamanin Shugaba Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa, an kafa dokar 12 ga Maris 1962 kan zagon ƙasa, lokacin da ake fama da tawayen UPC. Dokar ta zarce ’yan tawaye, ta riƙa cin ’yan adawa, da ’yan jarida, da duk wanda aka ce ya yaɗa labarin da zai zubar da mutuncin hukuma. Sai a watan Disamban 1990 aka soke ta. Ba Kamaru kaɗai ba. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, Amurka ta tsare mutane a Guantanamo da sunan mayaƙan abokan gaba, tana cewa ba fursunonin yaƙi ba ne, ba kuma masu laifin da za a kai kotun da aka saba ba. Sai a 2006 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce sashe na 3 na Jeniba ya shafe su.

Doka kuma ta bar ƙofar dawowa. Yarjejeniyar 1977 ta buƙaci hukumomi su yi ƙoƙarin yin afuwa mai faɗi idan faɗa ya ƙare, ban da masu laifukan yaƙi. Ranar 30 ga Nuwamban 2018 Kamaru ta kafa kwamitin ƙasa na karɓar makamai da mayar da tsofaffin mayaƙa cikin al’umma, da cibiya a Mora. Karɓar tubabbe abu ne mai ɗaci ga wanda aka kashe wa uba, kuma haƙƙinsa na neman adalci yana nan. Amma tsarin ya tabbatar da cewa ko wanda ya riƙe bindiga, matsayinsa na abokin gaba yana ƙarewa ranar da ya ajiye ta.

Abin da na faɗa wa ɗalibina a ranar shi ne: a’a, bai zama ba. Doka ba ta tambayar ɗan wane ne kai, tana tambayar me ka aikata. Na kuma ƙara masa da abin da zan faɗa wa kowane mai karatu. Ka riƙa yawo da katin shaidarka. Kada ka ɗauki kaya ko saƙon da ba ka san mai shi ba. Kada ka tura abin da ya shafi ƙungiyar a waya, ko da wasa ne. Idan ka ji labarin hari, ka sanar da lawani ko jandarma. Idan aka kama naka, ku rubuta rana da wuri da rundunar da ta tafi da shi, ku nemi lauya, ku kuma sanar da Croix-Rouge idan ba ku san inda yake ba.

Yaron ya rubuta duka a bayan littafinsa. Da aka tashi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce zai karanta wa mahaifiyarsa.